Sawun Inna a Gindin Rumbu

Bana ruwa ya ɗauke mana a Largo, nan kusa da Washington, kusan sati uku, a tsakiyar zafi. Mutanen nan ba sa kiran wannan fari. Ciyawar ƙofar gida ce take yin ja, su fito da tiyo su ba ta ruwa, shi ke nan. Amma ni da na tashi a ƙasar Gobir, in na ga ganyen shuka ya naɗe tun da hantsi, cikina yakan riga kaina sani.

Bayan wani coci a unguwarmu akwai fili da aka yanka ƙanana, ana ba duk mai son lambu. Tun da na ajiye aikin rediyo nake da nawa a can, kuɓewa da yakuwa da ɗan barkono. 'Yata ta fari, wadda nake zaune a gidanta, ita ta nemo mini don in riƙa motsa jiki. Likita ce a asibiti, kuma Likita nake ce mata. Maƙwabciyata a lambun wata dattijuwa ce mai suna Loreta, daga cikin 'yan asalin ƙasar nan waɗanda Turawa suka tarar. Garinsu yana can yamma, ƙasar duwatsu da rairayi. Wata shuɗiyar masara take shukawa, irin da ta zo da shi daga gida, kuma sai ta tona rami mai zurfi ta binne shi kamar mai ɓoye dukiya. Na sha gaya mata ƙasar nan tana da laima, ba ta bukatar haka. Ta ce masarar ba ta san ta yi ƙaura ba.

Wata Litinin ta roƙe ni in ba masararta ruwa kwana uku. Dattawan garinsu sun iso Washington, za ta bi su su zauna gaban 'yan majalisa.

Na ce, "A kan me?"

Ta ce, "A kan yaranmu." A zamanin kakanninta, in ji ta, gwamnati ta riƙa kwashe musu yara zuwa makarantun kwana masu nisa, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hana su yarensu. Kakanta yana cikin mazan da aka ɗaure don sun ƙi ba da 'ya'ya. Mahaifiyarta a ɗakin ajiyar masara aka ɓoye ta, a can kuma aka gano ta. Wasu yaran ba su dawo ba har yau. "Muna so a maido mana su gida mu binne. Kuma zan karanta sunayensu da ƙarfi a gaban mutanen nan. An daɗe ba wanda ya kira su."

Na tsaya riƙe da tiyo har ruwa ya cika mini takalmi. Na ce, "Ni ma an ɓoye ni a rumbu."

Ta kifa bokitinta ta ce in zauna. Na ba ta labarin, amma a Turanci bai fito yadda yake ba. Shi ya sa nake rubuta shi a nan.

Ina ɗan shekara takwas ko tara, Faransa na mulkin ƙasarmu. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, don haka kafin bazara ta yi nisa rumbunan garinmu sun koma wofi. Rijiya ta yi ƙasa har sai da aka ƙulla wa guga igiya biyu. Mata suna shiga daji su ɗebo anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, amma bai taɓa fita duka ba. Irin shuka yana cikin wata tukunya a ƙarƙashin gadon kakata, an cakuɗa shi da toka an liƙe bakin da laka. Duk yunwar da aka yi, ba wanda ya kalli tukunyar nan sau biyu.

Da ruwan fari ya sauka, gari duka ya fita. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da mu yara a baya muna jefa hatsi muna rufewa da diddige. Ƙamshin ƙasar ranar nan, na je ƙasashe da yawa ban sake jin irinsa ba. Hatsi ya tsiro, ciyawa ta biyo shi, aka shiga noma da cikin da ba komai sai kwaɗon tafasa da wani kunu wanda kana ganin fuskarka a ciki. A shekarar ƙoshi mai gona ne yake ciyar da 'yan gayya. A wannan shekara aka ce kowa ya zo da cikinsa, yau gonar wane, gobe ta wane. Makaɗi ma da yunwarsa yake kiɗa, amma yana yi.

Ni ɗan fari ne, kuma sunan uban babana aka sa mini. Saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta dubana in da mutane. In ta gama abinci sai ta ce wa iska, "A gaya wa wancan ya zo ya ɗauka." A ɗakin Kaka nake kwana, Ɗan Tsohuwa kuma gari yake kirana. Kaka kuwa mijinta ta ɗauke ni. "Maigida," takan ce, "kai dai ban yi sa'ar miji ba. Hauya ta fi ka tsawo, ci kuwa ka fi jaki." Ban taɓa tunanin Inna ta ƙi ni ba. Haka kowace uwa take da ɗanta na fari. Amma ban kuma taɓa tunanin tana lura da ni ba.

Maganar lakkwal, wato makarantar Nasara, ta girme ni. Kowace shekara kwamandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, yakan aiko a ba da yara, kowace shekara garinmu ya ƙi. Sun ga wani yaron garin maƙwabta da aka kai, ya dawo yana gaida ubansa a tsaye, hannu cikin aljihu, yana neman kalmar Hausa kamar mai neman allura a rairayi. Maigari Ɗan Baro ya tara mutane tun lokacin ya ce, "Hatsi muna ba su. Aikin hanya muna yi musu. Amma ɗa ba a auna shi da tiya." A kan wannan aka tsaya. Da kaka mutanen kwamandan suke zuwa, mu kuma sai a watsa mu cikin gonaki, hatsi ya fi mutum tsawo, su gaji su koma.

Wannan shekara sun yi wayo, suka taho hatsi yana iya gwiwa. Wata Bafillatana mai tallan nono ce ta kawo labari, ta ce ta gan su a garin gaba, da takarda mai sunan yara bakwai na garinmu. Ba gonar da za ta ɓoye ko akuya. Sai wani ya tuna da rumbuna, ga su nan wofi.

Rumbunan garinmu a jere suke gabas da gari, a kan rairayi. Na zana ne, an ɗora su bisa duwatsu, da jinka a sama kamar malafa. Wurin maza ne. Mace ba ta hawa rumbun mijinta, ba ta leƙa shi, ba ta ma bin ta gindinsa. Ana cewa idonta yana korar albarka. Da na girma na ga kamar maza ne ba sa so matansu su san abin da ya rage. Ko a shekarar ƙoshi Baba ne yake hawa ya fiddo dami ya kai mata har gida.

Aka sa kowane yaro a rumbun ubansa, da gorar ruwa. Kaka ta ƙulla mini 'yar aya a bakin rigata. Aka ce Tsoho Na-Allah, wanda ya tsufa da noma, shi zai riƙa zagayawa da sassafe ya ƙara mana ruwa da ɗan abin ci.

Abin da ya faru a ƙofar Maigari daga baya Baba ya ba ni labarinsa. Su uku suka zo a kan dawaki: wani mushe, wato malamin lakkwal, mutumin bakin teku da ba ya jin Hausa, da gardi biyu, dogaran kwamandan masu jar hula. Babban gardin Ba'adare ne, Bahaushe kamarmu, shi yake tafinta.

"Ina ɗiyan garin ga?"

Maigari ya ce, "Yunwa ta kore su. Mun tura su kudu wurin dangi."

Mushe ya buɗe takarda ya karanta sunaye bakwai, ba wanda ya ɗaga kai. Sai ya ce Maigari ya zauna a gindin gawon ƙofar gidansa, ba zai tashi ba sai yara sun fito. Duk Bahaushe ya san gawo da damina yake zubar da ganye. Zaman rana ne tsirara. Maigari ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Can sai maƙerin gari ya zo ya jingine hauyarsa ya zauna kusa da shi. Baba ya bi. Kafin azahar ba namijin da ya rage a gona.

Ni ina cikin rumbu ban ga wannan ba. Abin da na sani, ganga ta yi shiru. Tunda aka fara noma kullum da ita muke tashi, ranar nan sai kukan kurciya kawai. Yaro ne ni, amma na san abin da shirun yake nufi. Ruwa ya ɗauke kwana tara, ciyawa tana shanye ɗan danshin da ya rage, ita kuwa ba ta san kwamandan ba. Mata sun ɗauki hauya da yamma, amma ga rijiya, ga goyo, ga yunwa. In zaman nan ya kai sati, hatsin bana ma ya tafi. Mazan da ke gindin gawo sun fi kowa sanin haka, suka ci gaba da zama.

Cikin rumbu akwai warin tsohon hatsi da kashin ɓera. Ƙaiƙayi ya shiga mini ko'ina, ina susa ina cije leɓe. Da rana zana takan yi zafi kamar tanda, haske ya shigo ta ƙofofin saƙa ya zana mini layi-layi a jiki. Nakan tsotsi aya ɗaya tun safe har hantsi. A rana ta biyu gardi suka lura Tsoho Na-Allah ne kaɗai namijin da ke yawo, suka kawo shi gindin gawo shi ma. Da yammar ranar kuma wata kunama ta fito daga zana, na zabura, na ture gorata. Ina ji ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashina har ya ƙare.

Rana ta uku ba iska ko kaɗan. Sama ta yi fari, zafi ya danne gari irin wanda yake zuwa kafin hadari. Harshena ya kumbura. Na daina zufa. Na yi niyyar in yi kira, na tuna Baba ya ce ko mutuwa ta zo kar in yi tari.

Wajen azahar na ji taku, mara nauyi. Na sa ido a ƙofar zana. Ƙafafu na gani, masu faso a diddige, da bakin wani baƙin zane na saƙi. Na san zanen. Ta tsaya jim, sannan ta taka dutse, ta ɗaga gefen jinka da kanta. Sai ga gora tana saukowa a hankali, ɗaure da majanyi, irin wanda ake goyo da shi. Ba ta leƙo ba. Fuskarta tana wajen daji.

Na ce, "Inna."

Ta ce, ba da ni take ba, da rumbun take, "Mai cikin nan ya sha a hankali."

Ta janye majanyinta ta tafi. Shekaru bayan nan Kaka ta gaya mini yadda ta sani. A hanyar rijiya, daga nesa, ta hango kaji sun taru a gindin rumbu ɗaya suna caccakar danshi. Mata nawa suka bi hanyar nan, ita kaɗai ta gani.

Da la'asar babban gardi ya zo zagaye, ƙaramin yana biye. Sun bi ta nan sau biyu a kwanakin baya ba su tsaya ba. Wannan karon takun ya tsaya daidai kaina. Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Kai, zo ka ga. Tun yaushe mata ke hawan rumbu a Gobir?"

Sawun yana nan a rairayi, ƙarami, zuwa da komawa, da ɗigon ruwa a gefensa. Da mushe ne ya gani, da ya wuce. Gardin ya ɗaga jinka, muka haɗa ido. Ya ce, "Sauko, ɗan lelen uwarsa."

Ƙaramin ya ce, "A buɗe sauran?"

Babban ya bi layin yana dukan kowane rumbu da gindin bindiga. A na huɗu, na maƙeri, na ji ɗansa ya yi shaƙuwa, na rantse shi ma ya ji. Ya ƙara duka ɗaya ya ce, "Ɓeraye. Mu tafi."

A gindin gawo na ga mazan garinmu, leɓɓansu sun tsage, idanu sun faɗa. Baba ya dube ni, ya dubi gorar da ke hannuna, wadda ya san ba ita aka sa ni da ita ba. Mushe ya yi ta faɗa yana nuna yatsu bakwai, gardi yana ba shi amsa da Faransanci yana nuna gabas, inda hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin. A hanya gardin ya gaya mini abin da ya ce wa mushe: sauran sun tafi kudu da gaske, kuma in ruwan nan ya sauka gulbi ya kawo, sai su yi wata a garin da ba abinci. Mushe ya naɗe takardarsa.

Maigari ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi, sai da mutum biyu suka kama shi. Ya ce wa gardi, "Gaya mai ya rubuta a takardarsa. Ba mu ba da shi ba. Ɗauka suka yi."

Kaka ta iso tana dogara sanda. "Ka ga mijin banza ko? Damina ta yi tsaka, ya gudu ya bar mini gona." Tana faɗa tana gyara mini wuyan riga. Na duba cikin mata, Inna ba ta nan. Ban yi mamaki ba. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari.

Gardi ya ɗora ni a bayansa. Mun wuce rijiya, iska ta taso mai sanyi, ɗigon farko ya faɗo mini a hannu. Sai na ji an ce, "Isuhu!"

Ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Na waiwaya. Tana tsaye a bakin gonarmu, hauya a ƙasa, ɗankwalinta ya zame. Gari duka yana bayanta, har surukanta, sunan uban mijinta kuma ta kira. Na ga mata sun rufe baki da hannu.

"Isuhu!"

Gardi ya ja linzami. Ya ce, "Amsa mana, ɗan banza. Ba kullum ake samun wannan ba."

Na ce, "Na'am."

Ruwa ya tsuge, ya rufe ta.

Washegari ganga ta tashi, aka ce mini. Hatsi ya tsira, ba duka ba, amma ya kai su baɗi. Rumbun Baba ya cika har jinka, ya riƙa cewa ashe albarkar ba ta da tsoron mata kamar yadda ake faɗa. Yaran nan shida sun girma a gida. Ni kuwa a lakkwal akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, na fi kowa sanin nauyinsa. Da na iya rubutu, in na zo hutu Maigari yakan zaunar da ni a gindin gawon nan, ya faɗa, in juya da Faransanci: in lakkwal dole ce, a kawo ta cikin gari, yara su kwana a ɗakin iyayensu. Mun rubuta wannan koke har Nasara suka tafi, muka ci gaba da rubuta wa waɗanda suka gaje su. Ajin zana ɗaya aka yi mana daga ƙarshe, Maigari bai gan shi ba. Bayan nan na zauna a ƙasashe, na ji irin labarin nan da harsuna huɗu. Rumbun ne kawai yake sauya kama. Inna ba ta sake kiran sunana ba har ta rasu, ina wata ƙasa.

Loreta ta dubi masararta. Sannan ta tambaye ni me ya hana uwa kiran ɗanta. Na yi mata bayanin kunya iya yadda Turanci ya ba ni hanya, na ce abin da ka fi so shi kake kau da ido a kansa. Ta ce, "Shi ya sa kake ce wa 'yarka Likita?" Na yi dariya, na ce ta tafi kar jirgin ƙasa ya bar ta.

Na ba masarar ruwa kwana uku. Ranar Alhamis da yamma ta dawo, muryarta ta dishe. Ta karanta sunayen duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Na ce, "Me suka ce?"

"Sun ce za su duba."

"Haka kwamandan ma yake cewa."

Ta yi dariya har da tari. "Za mu koma baɗi. Mun iya zama."

Na ce, "Mu ma."

Muna nan sai iska ta juya, ganyen masara ya fara kaɗawa, gabas ta yi duhu. 'Yata ta tsaya da mota a bakin lambu, da kayan asibiti a jikinta, ido a kan waya. "Baba, mu tafi, ruwa zai sauko."

Na miƙe, na kakkaɓe wandona. Na kira sunanta, "Rakiya."

Wayar ta kusa faɗuwa. Ta tako da sauri ta cikin kuɓewata, ta kama wuyan hannuna tana kallon agogo. "Baba, lafiya? Jiri kake ji? Ka sha maganinka?"

"Lafiya lau nake."

"To me ya faru?"

"Ba komai. Amsa kawai."

Ta dube ni, ba ta saki hannun ba. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin idonta.

"Na'am, Baba."